Harsashin Gado

A gidanmu na Mandawari na tashi da warin dalma a hanci. Babana, Malam Babagana, ɗura harsashi ce sana'arsa. Maharba su kawo masa kwanson da suka harbe, ya sake cika shi da albarushi, ya zuba sabon harsashi ya ɗora a kai. Kafin ya taɓa komai sai ya tambayi mutum abin da zai je harbi. In barewa ce ko gada, dalma zalla yake zubawa, mai laushi, wadda in ta shiga nama take bajewa. In ɓauna ce ko dorina, sai ya haɗa da kuza ta yi tauri, don fatarsu da ƙashinsu ba na wasa ba ne. Ni da nake mace ma na san wannan, tunda a kunnena ake yi kullum.

Da na auri maharbi sai na ɗauka gida na koma. Sabo sunansa. Da yana raye ban taɓa kama sunan nan ba, yanzu kuwa ina faɗa, wani lokacin ma da haushi. Mutum ne mai sanyin hali da son tsokana. Sai ya sayo tsire ya ɓoye a aljihun riga, ya bar ni ina ta neman inda ƙamshi yake fitowa. Aibinsa ɗaya ne, bai iya ce wa manyan gidansu a'a ba.

Gidansu yana wajen Ƙofar Dawanau, maharba ne tun kaka da kakanni, kuma suna da wani abu da suke ji da shi kamar ƙwai. Harsashin gado suke ce masa. Wai da shi kakansu ya kashe ɓauna, aka ciro daga jikinta, aka narke aka sake zubawa. Tun daga nan duk ɗan gidan da zai yi babbar farautarsa ta farko, da shi zai fara harbi, in dabba ta faɗi a ciro a ajiye wa na baya. Ba a haɗa shi da komai, wai kada albarkar ta tsinke. Abin da ba wanda ya tsaya ya tuna shi ne, tun bayan kakan nan ba ɗan gidan da ya ƙara ganin ɓauna da idonsa. Gada suke ta harbi da shi, su dawo suna cika baki a zaure.

Damina ta yi tsakiya, cikina na fari ya tsufa, sai ga saƙo daga wani ƙauye na bakin dam. Dorina ta addabe su, ta tattake shinkafa, ta kife kwalekwale ta kashe masunci. Hukuma ta ba da izini a kashe ta. Baffa Ɗanjuma, ƙanin mahaifin Sabo, shi yake riƙe da shugabancin maharban tun rasuwar wansa. Ya ce lokaci ya yi, Sabo ne zai yi harbin farko da harsashin gado, in ya dawo a naɗa masa sarautar ubansa ta Sarkin Baka. Bindigar gidan tsohuwa ce ta zamanin Turawa, harsashi ɗaya take ci. Kafin ka sake ɗura mata wani, abin da zai faru ya riga ya faru.

Lokacin ina gidanmu goyon ciki, don haka ina bayan ƙofar zaure ranar da suka kawo wa Baba aikin. Baba ya karɓi dunƙulen, ya danna farcensa a jiki, farcen ya nutse. Ya nuna wa Baffa Ɗanjuma shaidar.

"Alhaji, abin da farcena ya kama ba zai huda kan dorina ba. Bari in sa masa kuza ko kaɗan ce."

Baffa Ɗanjuma ya yi dariya, ya ce Barebari dai ba sa rabuwa da iyayi. "Malam, ba taurin dalma ke kisa ba, abin da ke cikinta ne. Kai dai zuba mana yadda muka kawo."

Baba ya ce ba zai zuba ba. Baffa ya miƙe yana kaɗe riga, ya ce ai ba shi kaɗai ne mai ɗura harsashi a birnin Kano ba. Baba ya san waɗanda za a kai wa, ya san ko awon albarushi ba su iya ba, sai ya ce a bari zai yi. Ya yi musu aikin yana ɓata rai. Da Baffa ya fita, ya zaro masu tauri daga cikin nasa, ya danƙa wa Sabo ɗaya, ya ba Salihu abokin Sabo ɗaya, wanda zai tsaya a bayansa.

Da Sabo ya shigo yi mini sallama na riƙe masa hannun riga. Na ce ya sa mai taurin, wa zai sani? Ya ce Baffa ne da hannunsa yake ɗura bindigar a gaban jama'a, in dabba ta faɗi kuma a gaban jama'a ake ciro harsashi. Na ce to ya buɗe baki ya ce ba zai yi ba.

"Ummulkhairi, so kike a ce ɗan Sarkin Baka ya ji tsoro?"

"So nake abin da ke cikin nan ya ga ubansa, maigida."

Ya yi murmushi, ya jefa harsashin Baba a aljihu, ya ce in shirya tukunya don naman dorina zai kawo mini. Ban yi dariya ba. Tsoro nake ji, kuma haushinsa nake ji.

Salihu ne ya ba mu labarin yadda aka yi. Da hantsi dorinar ta fito daga ruwa ta shiga shinkafa. Sabo ya matsa kusa, ya tsaya. Ya harba, ya kuma same ta daidai inda ake so, tsakanin ido da kunne. Ta girgiza kai kawai ta yo kansa. Salihu ya harba nasa ta faɗi, amma ta riga ta kama Sabo a ƙugu. Kafin a kai asibiti ya cika. Da aka kawo mini kayansa, na sami harsashin Baba a aljihun nan da yake ɓoye mini tsire.

Na haihu ina cikin takaba, namiji. Ranar suna aka sa masa Mikail, da yamma kuma Baffa Ɗanjuma ya shigo da dattawan gidansu. Ya kwance wani farin ƙyalle a gabana. Harsashin gado ne, an ciro shi daga fatar kan dorinar, ya baje ya yi faɗi kamar tsohon kwabo. Ko ƙashi bai fasa ba.

"Kin gani, 'yata, bai kauce ba, daidai ya sauka," in ji shi. "Ajali ne kawai. Ki ajiye wa yaron nan, nasa ne."

Na san ajali, ba sai an koya mini ba. Amma na kuma san farcen Baba ya nutse a dalmar nan a gaban idon wannan tsoho. Na dubi jaririn da ko ido bai gama buɗewa ba, ga shi har an zo yi masa kamun wuri. Na sa hannu biyu na karɓa, na yi godiya, kamar yadda aka koya mini.

Bayan 'yan kwanaki mai gyaran kwanuka ya wuce ta layinmu yana kira. Akwai wani bahon ƙarfe da nake wanke tsummokaran kashin Mikail a ciki, gindinsa ya ɓule yana yoyo. Na aika aka kira shi, na miƙa bahon, na miƙa abin da ke cikin farin ƙyallen. Ya juya shi a hannu, ya ce dalma ce mai kyau, mai laushi, irin wadda ake so a liƙi. Baba yana zaune a zaure yana kallo, sai ma ya tura masa kaskon wutarsa.

Har yanzu Baffa Ɗanjuma yakan aiko a tambaye ni ko amanar gidansu tana nan lafiya. Ina cewa a gaya masa tana nan, kullum da safe ina ganinta, kuma wannan karon an sa ta aikin da ta iya.