Jan Ƙyalle da Farar Leda

"Ɗaga ta wajenka! Kai, ta wajenka na ce, ko da ƙafa kake ji?"

'Yan dako sun maƙale da fiyanon Mama, ƙaton akwatin kiɗan nan na katako, a kwanar matakala, ba gaba ba baya. Auta tana tsaye a ƙofar falon da ta girma a cikinsa, wanda yanzu ba abin da ya rage masa sai shatin hotuna a bango. Duk gogar da katakon ya yi da siminti, a haƙarƙarinta take jin ta. Cikin jakarta kuwa akwai jan ƙyallen ulun da Mama ke shimfiɗawa a kan haƙoran fiyanon, farare da baƙaƙen nan da ake dannawa. Tun kafin kowa ya iso ta zare shi ta ɓoye. Su ɗauki fiyanon, amma ba da wannan ba.

Bayan rasuwar Mama an raba kaya lami lafiya, har aka zo kan fiyano. Kowa ya san Auta ce ta san shi. Ita ce ta zauna gefen Mama tun ƙafarta ba ta taɓa ƙasa, ita ke buɗe mata shafin littafi in tana koya wa yaran unguwa kiɗa. Yaya kuwa, babban wanta, ko falon ba ya shiga. Amma shi ya ɗora tafinsa a kan marfin ya ce nasa ne.

"Ke ina za ki sa shi?" in ji shi. "Ɗakin naki da in za ki yi miƙa sai kin buɗe taga?"

Dangi suka kwashe da dariya, magana ta mutu a nan. Auta ta haɗiye tata amsar, ta zauna mata a ƙirji kamar garwashin da aka rufe da toka.

Da ƙyar aka sauko da fiyanon bakin titi, aka turo shi kan babbar mota. Nan matar Yaya, wadda Auta ke kira Anti, ta fito daga ƙaramar motarsu tana ƙamshi, tana tafa hannu kamar an kawo mata jariri.

"Wayyo, kyakkyawa! Na riga na share masa wuri. Furanni a dama, hotonmu a hagu." Ta kamo hannun Auta. "Ƙanwata, ke ce gwana. Gaya mini yadda ake kula da shi, kar in yi abin kunya. Da mai ake goge shi?"

Muryar Mama ta taso wa Auta a kunne, tar, kamar tana bayanta. Fiyano numfashi yake yi. Ƙyalle ya tare ƙura, marfi a ɗage ya sha iska. In kika toshe shi da leda gumi zai yi, katako ya kumbura, haƙora su maƙale, farinsu ya koma rawaya kamar bakin tsohon mashayin taba.

Auta ta dubi fuskar Anti, ta dubi Yaya da ke jingine da mota yana latsa waya. Wani sanyi mai daɗi ya ratsa ta. Tunda ba za ta same shi ba, to ya ruɓe musu a falo. Wata rana baƙo ya danna haƙori ya ji shiru, ya juyo ya tambayi Yaya me ya yi wa kayan uwarsa.

"Leda, Anti," ta ce, muryarta kamar zuma. "Mai kauri. Ki shimfiɗa a kan haƙoran, ki rufe marfi ki murza makulli, sannan ki naɗe shi gaba ɗaya har ƙasa. Musamman da damina. Kar ki bari iska ta shiga ko ta ƙofar allura."

"Kin ga amfanin tambaya!" Anti ta gyara gilashinta, ta tsallaka titi zuwa shagon kayan gini.

Yaya ya sa wayar a aljihu. Bai yi sauri ba.

"Leda, ko?"

"Leda."

"Ƙyalle ya tare ƙura, marfi a ɗage ya sha iska." Da muryar Mama ya faɗa, har da yadda take jan ƙarshen magana. "Kin ɗauka kurma aka haifa kafin ke? Ta bayan ƙofa na haddace duk karatunku."

Auta ta ɗaga haɓa. "To, je ka gaya wa matarka ƙarya na yi."

"In gaya mata don me? Ai hutar da ni kika yi. Da ni na ce a sa leda, sai ta kira ki ta tambaya. Yanzu kuwa gwana ta yi magana."

Ya ɗago hannunsa na hagu. Ƙaramin yatsan nan ne karkatacce, wanda Auta ta taso tana jin an ce ƙofa ce ta datse shi.

"Lokacin ba a haife ki ba. Na lallaɓa na sa hannu, so nake in ji ƙarar da take sa Mama murmushi. Marfin ya faɗo. Jini a kan fari, ko'ina. Ta shigo a guje, na miƙa mata hannuna." Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Ta wuce ni, Auta. Ta kama bakin zaninta tana goge haƙora ɗaya bayan ɗaya, kar jini ya kama su. Sai da ta gama ta waiwayo. Washegari ta sayo ƙyalle, ta hana ni falo. Ja ta zaɓa. Ban taɓa tambayarta dalili ba."

Hayaniyar titi ta yi wa Auta nisa. Ta hango ɗan yaro tsaye da hannu a miƙe, tausayi ya taso mata. Da a nan ya tsaya, da ta rungume shi.

"Ba don ado na ɗauke shi ba," ya ci gaba. "So nake in zauna a kujerata in sha shayina, ina kallonsa yana mutuwa da baki a ɗaure. Na gode da gudummawa."

Tausayin ya ƙafe kamar ruwa a kan tukunyar da ke wuta. Ashe wuƙa ta wasa tun safe, ta miƙa masa ta wajen ƙota. Wannan akwatin da ya raine ta, wanda ya san hawayenta kafin kowane mutum ya san su, ita ce da bakinta ta yanke masa hukunci.

Anti ta dawo rungume da naɗin farar leda, tana haki. "Mai shagon ya ce wannan ko kifi ba zai yi numfashi a cikinta ba!"

Auta ta karɓa, ta auna nauyinta a hannu, sai ta cilla wa babban ɗan dakon. "Ungo, Baba. In hadari ya taso a hanya ku rufa. Kuna isa ku cire, ka kai gida ka yi rumfa."

"Ah ah! Ƙanwata, ba ke kika ce…"

"Tsokanarki nake, Anti. In ban ja ki ba wa zan ja? Leda kashe shi za ta yi."

"Ja'ira! Kika sa na tsallaka titi da wannan takalmin?" Anti ta kai mata dukan wasa a kafaɗa.

Auta ta tattare siket ta hau bayan motar. Ta ɗaga marfin, ta fito da jan ƙyallen, ta shimfiɗa shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, tana lallashinsa da tafin hannu yadda Mama take yi.

"Wannan ce rigarsa. Marfi kuma a ɗage da rana. Amma akwai wanda ya fi duka." Ta yi magana da Anti, idonta a kan Yaya. "Fiyano in ba a kaɗa shi, haƙoransa maƙalewa suke yi. Dole a riƙa taɓa shi. Zan riƙa zuwa duk ranar hutu."

"Ranar da yayanki yake gida ke nan! Kai, madalla." Idon Anti ya yi haske. "Ko ki koya mini? Tun ina yarinya nake sha'awa."

"Da gudu ma. Darasin farko ba wuya, a bi haƙoran a jere, a hau a sauko, a hau a sauko. Sai dai yana son maimaici. Kullum da safe, lokacin shayi ya fi shiga kai."

"Maigida, ka ji? Gidanmu zai koma gidan kiɗa!"

Yaya ya buɗe baki. Ya dubi matarsa da ke murna kamar yarinya, ya dubi 'yan dako da suka tsaya da igiya a hannu suna saurare. Abin da zai faɗa ba na bakin titi ba ne, kuma bai taɓa faɗa wa matar ba. Ya tura hannun hagu cikin aljihu, ya juya ya shiga motarsa.

"Malama, za mu ɗaure," in ji ɗan dakon.

"Ɗan dakata, Baba. In ji ko matakala ta yi masa illa."

Ta naɗe gefen ƙyallen, ta ɗora yatsunta. Darasin farko ta kaɗa, wanda duk yaron da ya taɓa shiga falon Mama ya fara da shi, wanda wani yaro ya haddace ta bayan ƙofa. Sautin ya fito garau, ya bi ta kan motoci. Idonta ya cika, ba ta share ba.

Yaya ya ɗaga gilashin motarsa har sama.

Auta ta koma farko, ta ƙara ƙarfi.