Ƙashin Kifin Attahiru

Shekarar da Attahiru ya aje tuƙi, 2004 in ban manta ba, ya dawo Malbaza da wani ƙashi bayan motarsa ta siminti. Ƙashi guda, amma ya kai turmi girma. Ya ce wurin masunta ya samo shi, bakin teku can Kwatano, ƙashin bayan kifi ne irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa. Ya aje shi zaure don kowa ya ga ikon Allah.

Lokacin ladanin unguwarmu ya tsufa, dattawa sun kusa ba Attahiru kiran salla. Abin da yake so ke nan tun ƙuruciya. Murya gare shi kuwa, ko ni da ba ni yabon mutum na yarda.

Ran Laraba na shiga aron rariya wurin matarsa, na iske shi tsugune, ya dafa ƙashin, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Malam Attahiru, da wa ake hira?"

"Addu'ar Yunusa nake, Iya Balki. Zo ki taɓa ki ji."

"Allah shi kiyashe ni! Ni kifin da na sani, biyar ake zuba wa miya."

Ya yi dariya, na wuce.

Washegari wurin suna gidan maƙwabciyata Ladi, na ba da labarin na iske Attahiru yana hira da ƙashi. Addu'ar dai na cire ta, don ya fi daɗi ba ita. Mata sunka bar tuwo, sunka matso.

Ladi ta ce, "Iya, ƙashin na amsa mishi?"

Na kama haɓa, na ce, "Wa zai tsaya ji?"

Kafin Juma'a ƙashi ya zama na aljanin ruwa, wai har jini ake ba shi. Dattawa sunka ba Rabo mai faci ladanci.

Bayan kwana biyu na tafi wurin liman, na ce ni na ƙara gishiri, addu'a bawan Allah yake.

Liman ya ce, "Balki, mata arba'in kika gaya wa, ni ɗaya kika zo gyara wa? An riga an yi magana, ba a tsige Rabo."

Attahiru bai taɓa tada mini maganar ba. In mun gamu, shi ke fara gaishe ni, abin da ya fi cina ke nan. Da kaka ya kwashe ya koma Badagishiri wurin ɗiyarsa, yana ban ruwan albasa. An ce ko a masallacin can sahun baya yake tsayawa.

Rabo kuwa an saya mishi lasifika. Murya kamar an taka akuya, sau biyar a yini, kuma masallacin jikin katangata yake.