Baƙin Man Kawu Garbai

Atalyen Kawu Garbai, wato shagon aikinsa, duk kwano ne, bango da rufi, yana bayan inda motocin Gidigir suke lodi. Kafinta ne, ƙanen mahaifiyata. A bazarar bara zafi ya kayar da shi a kan teburin aikinsa ana kiran azahar, likita ya ce masa jikinsa ba zai sake ɗaukar zaman ƙarƙashin kwanon nan ba. Kawu ya ce to, idan Afrilu ta zagayo zai rufe wurin ya sayar da kayan aiki.

Ni na ce kada ya rufe. Shekara uku na yi a makarantar koyon sana'a a Damagaram, sannan shekara guda a hannun wani patron, ubangidan aiki, da ke fesa kumfa a ɗakunan sanyi na mahauta. Magani ne iri biyu, kowanne a durom ɗinsa. A bakin bindigar feshi suke haɗuwa, su faɗa kan kwano, su kumbura kamar ƙullun masa, su daskare. Zafi ba ya ratsawa, kuma duk wata kafa da rairayi ke shigowa tana toshewa. Patron ya ara mini injinsa na kwana goma sha biyu. Maganin da na samu daidai atalyen ne, sai ɗan rara.

Idirisa, ɗan Kawu kuma taubashina, shi ya kawo kayan zuwa garinmu Gure a kamiyonsa, babbar motar da yake tuƙawa.

"Mardiya, wai kumfa za ki shafa wa tsohona a ɗaki? Da kin faɗa tun wuri ai da omo zan sayo miki."

"Kai dai sauke durom a hankali, bawana. Abin da ke ciki ya fi abin da ke kanka amfani."

Washegari bayan asuba na sa farar rigar aiki da ta rufe ni ruf, na ɗaura takunkumi da tabarau. Sai da sanyin safiya ake feshi, kafin kwano ya ɗauki zafi. Ƴan tasha suka bar shayinsu suka yi cirko-cirko a ƙofa. Na fara da bangon gabas, shafi siriri, in jira ya tashi, in ƙara wani a kansa. Kafin hantsi bangon ya rufe, ruwan ɗorawa, gwanin kyau. Ban ɓoye jin daɗina ba, har na ce wa masu kallo su dawo da la'asar su taɓa.

Sun dawo kuwa. A gabansu kumfar ta saki daga sama, ta saɓule gaba ɗaya kamar fatar rago, ta kife a ƙasa. Wani ya ce, "Ashe bargo ne, na ɗauka bango ake yi." Aka yi dariya har da tafa hannu.

Da suka watse na juya bayan kumfar. Baƙi-baƙi ne, yana santsi. Na goga yatsa a kwanon, na sansana. Baƙin mai ne, irin wanda ake juyewa daga mota. Sati biyu da suka wuce na duba kwanon nan, a bushe yake. A safiyar nan kuwa ina ta ɗokin masu kallo, ban sake kai hannu ba.

Kawu yana zaune a benci yana jan carbi.

"Kawu, wa ya shafa wa kwanon nan mai?"

"Ni mana, ƴata. Ai duk shekara ina yi, katakai saboda gara, kwano saboda tsatsa. Na ce tunda za a rufe shi ke nan, bari in yi masa na ƙarshe. Kwana biyu na yi a kan tsani, har rufin, don in rage miki aiki."

Na dubi ƙafafunsa da suka kumbura.

"Kumfa ba ta kama mai, Kawu."

Carbin ya tsaya. Can ya ce, "To ni na ɓata miki. Bari in je masallaci in faɗa musu."

"Kada ka faɗa wa kowa. Ni ce ban gaya maka ba, kuma ni ce ban duba ba."

Gaskiya ce na faɗa, amma ba ita kaɗai ba ce. Ba na son a yi wa tsoho dariya a tasha, kuma ba na son a ce an yi wa Mardiya uzuri. Rarar maganina ta tafi a bangon gabas. Abin da ya rage na feshi ɗaya ne, kuma saura kwana goma sha ɗaya injin ya koma.

Na ajiye bindiga na ɗauki soso. Ruwan zafi, omo, toka, kowane falle sai an bi shi sau uku, har cikin kwarin kwanon da gindin kowace ƙusa. Idan na gama in goga farin ƙyalle. In ya fito da dishi-dishi, in sake. Daga asuba zuwa hantsi nake yi, in sauka idan kwano ya fara ƙona mini damtse, in koma bayan la'asar. Rufin ya fi wuya, don ruwan yana gangarowa ta hannu har cikin riga. A kwana na uku tafukana suka tsattsage, Inna ta riƙa shafa mini man kaɗe.

Ƴan tasha sun samu abin hira. "Malama, ashe diplom ɗin na wanki ne?" Wannan bai dame ni ba kamar matan da ke tsayawa su ce, "Sannu, baiwar Allah, ki haƙura mana." Nakan amsa da yawwa, in ci gaba da gugata.

Idirisa ke kawo mini ruwa a jarkoki. A rana ta huɗu ya tsaya yana kallon baƙin ruwan da ke kwarara ta ƙofa.

"Kuyangata, wannan ba man kamiyona ba ne?"

"Ka tambayi kamiyon."

"Ni na kawo wa Baba galan guda wancan satin." Ya sosa ƙeya. "Shi ne kika bari ana ta cin namanki a tasha?"

"Naman nawa da tauri. Miƙo bokiti."

Bai miƙo ba. Ya tuɓe riga ya ɗauko tsani na biyu. Bakinsa dai bai huta ba, ya ce a rubuta a tarihi ranar da sofer guda, cikakken direba, ya yi wa kwano wanka.

Kwana bakwai wankin ya ci, na bar shi kwana guda ya bushe ƙayau, don laima ma tana hana kumfa kamawa. Na zauna da takarda na sake rabon magani: rufi da bangon yamma su samu cikakken kauri, na arewa da ba ya shan rana ya samu rabi. Sannan na fesa gwargwadon tafin hannu a kusurwa, na jira har la'asar, ni kaɗai, ƙofa a rufe. Na kama gefensa na ja. Na sa ƙafa a bango na sake ja. Kumfar ta yage a tsakiyarta, gindin yana manne da kwano.

Safiya biyu na yi ina feshi, na bi kowace mahaɗa da kowane ramin ƙusa, har hasken da ke ɗigowa ta rufi ya ɗauke. Maganin ya ƙare saura faɗin tabarma a bangon arewa, can ƙasa. Na bar shi haka. Na bi sauran da fenti mai hana wuta kamawa, tunda wurin katako ne.

A rana ta goma sha biyu da azahar muna ɗora injin a kamiyo, Kawu ya shiga atalyen. Ya daɗe a ciki. Na leƙa na gan shi tsaye a tsakiyar ɗaki, ya cire hula, ya ɗaga kai. Ya je ya dafa bangon yamma, ya fita waje ya dafa bayansa, ya janye hannu da sauri yana yarfewa.

"Idirisa!"

"Na'am, Baba."

"In ka sauke injin nan a Damagaram, kada ka dawo mini wayam. Ka taho da farin katako, falle arba'in. Direktan lakwal ya daɗe yana yi mini maganar bencunan ƴan makaranta."

Ya juyo gare ni. "Ke kuma, wancan wurin da kika bari tsirara fa?"

"Magani ya ƙare, Kawu."

"To, nan zan jingina kabad. Kama mini teburin nan mu shigar da shi."