Igwa a Tsohon Kamfanin Sukari

Tsohon kamfanin sukari da ke bayan layin dogo ya daɗe a rufe, ba kowa sai tantabaru da ciyawa. Da Rasha ta auka wa Yukiren, sai sojojin Folan suka zo suka share shi, suka kewaye shi da waya. Duk igwar da ta lalace a fagen fama nan ake kawo ta a bisa tirela, a lulluɓe da tamfol, a gyara, a mayar. Ba a taɓa yin shela ba, amma a ƙaramin gari irin nasu na bakin iyaka har mai sayar da burodi ta san ranar da tirela za ta shigo.

Danuta mai kantin magani ta fi kowa sani, domin mijinta Ludwik yana cikin kanikawan da aka ɗauka. A da tarakta yake gyarawa. Kuma a ɗakinsu na sama akwai Yaryna, wadda ta tsallako daga Yukiren da akwati ɗaya tun farkon yaƙin, ta bar mijinta Ostap cikin sojojin da ke harba irin wannan igwa. Yanzu tana dafa abinci a makarantar da Jagoda, 'yar Danuta tilo, take aji uku.

Wata safiya Pan Bronek, wato Malam Bronek a bakin mutanen Folan, tsohon direban jirgin ƙasa, ya shigo karɓar maganin hawan jini. Bai ko gaishe ta ba, ya ɗora wayarsa a kan teburin kantin.

"Pani Danuta, duba nan. Mun yi suna."

Wani shiri ne na talabijin ɗin Rasha. Wani ƙato cikin kwat yana tsaye gaban taswira, ya zagaye garinsu da jan layi. Danuta ta yi Rashanci a firamare, ta gane mafi yawa. Cewa yake duk garin da ke gyara wa abokan gabarsu makami ya shiga yaƙi da ƙafarsa, kuma suna da abin da zai mai da shi toka kafin mutum ya gama shan shayi. Mutanen da ke zaune a wurin suka yi tafi.

"Ai sun saba faɗin haka," in ji ta, amma sai da ta dafa teburin.

"Sun saba faɗin Warsaw da Landan. Yaushe kika taɓa jin sun ambaci sunanmu? Ko matar ɗana ba ta iya faɗinsa daidai ba, shi kuwa ya iya."

Kafin tsakar rana layi ya fita daga kantin har bakin titi. Kowa ƙwayar aidin yake so, wadda ake sha in iska ta gurɓata da nukiliya. Danuta ta yi ta bayani cewa ba a sha sai hukuma ta ce a sha, cewa akwai ta jibge a ofishin 'yan kwana-kwana. Ba wanda ya saurare ta. Wata mai ciki ta riƙe mata hannu tana tambaya ko jariri na iya sha. Ita kanta Danuta ɗanɗanon abin ya dawo mata a baki. Tana da shekara shida lokacin da tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe, aka jera su a tsakar makaranta aka ɗura musu wani baƙin ruwa mai ɗaci, uwarta na bakin ƙofa tana kuka ba ta faɗi dalili ba.

Da yamma Danuta ta kasa cin miyar kabejin da Yaryna ta dafa. Ta jira Jagoda ta fita wasa, sannan ta juya ga mijinta.

"Ludwik, ka bar aikin nan."

"In na bari, sai kamfanin ya tashi sama? Wani za su ɗauka."

"To su kwashe shi su kai wani wuri. Mun ba da barguna, mun ba da magani, mun buɗe gidajenmu. Daga nan aka ce hular kwano, aka ce harsashi, yau igwa, gobe jirage. Ina ne ƙarshen abin? Mutanen nan suna da nukiliya."

"Danuta, barazana ce. In da za su harba, da sun harba tuntuni."

"Kai ka shiga zuciyarsu? Sau ɗaya kawai za ka yi kuskure."

Yaryna ta ajiye cokali a hankali. Ta ce, "Ostap ya kira ni jiya. Igwa uku gare su, biyu suna nan wurin Pan Ludwik. Ya ce in tambaya yaushe za a gama."

Danuta ta ji kunya ta rufe ta, sai kunyar ta koma fushi.

"Ki yi haƙuri, Yaryna. Ni ma ina da 'ya."

"Na sani, Pani Danuta. Mu ma da can mun ce ba za su taɓa mu ba in mun yi shiru. Ba mu da kamfanin gyaran igwa a garinmu, gidan burodi gare mu da tashar mota."

Ta tattara kwanuka ta tafi wanki. Magajin gari ya kira taron jama'a ranar Asabar, saboda hayaniyar ta yi yawa. Wasu ba su jira ba. Gidan mai ya cika da motoci masu katifu a ɗaure a sama, likitan haƙori ya rufe ya tafi wurin ɗansa.

Ranar Alhamis da hantsi Danuta tana auna wa wata tsohuwa maganin tari sai jiniyar gargaɗi ta tashi. An sha gwada ta, amma kullum sai an sanar tukuna. Wannan ba a sanar ba, kuma ba ta tsaya ba. Wayoyin mutane duk suka yi ƙara tare: wani abu ya tsallako iyaka, kowa ya nemi mafaka. Ba a faɗi mene ne ba.

Ta tura mutanen da ke kantin zuwa ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa. Pan Bronek ya riƙe mata riga.

"Ina za ki? Sauko mana."

"Jagoda."

Ta fizge ta fita da farar rigar aiki a jikinta. Kasuwa wayam. An bar tumatir a kan tebur, wani keke kwance a tsakiyar titi tayarsa na juyawa. Ta kira Ludwik, layi bai shiga ba. Tana gudu tana tuna abin da aka rubuta a takardar da hukuma ta raba: in ka ga haske kada ka kalla, ka kwanta rub da ciki, ka rufe kai. Ta rasa yadda za ta yi gudu ba tare da ta kalli sama ba. Duk gilashin tagar da rana ta haska sai ta ce shi ke nan.

Tana kan gadar da ke kusa da coci ta ji ƙarar. Kamar tsohon babur ne, amma daga sama. Ta ɗaga kai. Wani baƙin abu mai faɗin fukafukai ya bi ta kan rufin cocin, ƙasa ƙasa, ba sauri, ya nufi layin dogo. Ta durƙusa a kan gada. Sai bindigogi suka fara daga wajen kamfanin sukari, tar tar tar, sannan wata ƙara mai nauyi da ta ji har cikin haƙoranta. Ta kife fuska a ƙasa tana jiran zafin. Tana addu'a, amma kalma ɗaya take ta maimaitawa. Zafi bai zo ba. Da ta buɗe ido gari yana nan, hayaƙi ne kawai ke tashi daga bayan layin dogo, wajen da Ludwik yake.

Ba ta san yadda ta kai makaranta ba. Mai gadi ya ja ta ciki ya nuna mata matakala. A ƙasa yara na zaune a jere jikin bango, cikin warin dankali da gumi, wasu sun jiƙa wando. Yaryna na tsakiyarsu da gyalen kicin a ka, tana raba musu busasshen burodi tana sa su ƙirga da Yukirenanci, su yi kuskure ta yi musu dariya. Jagoda na maƙale da gefenta. Danuta ta rungume 'yar har ta ce ana matse ta.

"Na gan shi," ta raɗa wa Yaryna. "Ya faɗi wajen kamfani."

Yaryna ta kalle ta, muryarta ba ta canja ba. "Kada ki faɗa a nan. Zauna, ki ba su labari."

Haka Danuta ta zauna ba ta san ko tana da miji ba, tana ba 'ya'yan mutane labarin wata akuya mai taurin kai. Sai bayan azahar aka buɗe ƙofa. Ludwik na tsaye a tsakar makaranta, baƙin mai har gwiwar hannu. Jirgi ne mara matuƙi, aka harbo shi ya faɗa gonar kabeji, ya kashe shanu biyu ya farfasa tagogi. Ko kamfanin ya nufa, ko hanya ya ɓata, ba wanda ya iya faɗi.

Ranar Asabar zauren 'yan kwana-kwana ya cika maƙil. Wani malamin tarihi ya ce in aka ja da baya yau saboda tsoro, gobe sai su zagaye wani garin, a sake ja da baya, har su iso nan da tankokinsu. Wani manomi ya ce masa ya zo ya faɗa wa shanunsa. Pan Bronek ya ce shi ya tsufa, a gyara igwa, a ƙara da jirage. Danuta ba ta yi niyyar magana ba, sai ta ga ta miƙe.

"Ni ban san wa ke da gaskiya ba," in ji ta. "Na san dai na kwanta a kan gada ina jiran in ƙone. Masu cewa a ƙara, a ƙara, suna can manyan birane, gidajen ɓuyansu na da zurfi. In taimakon dole ne, a raba tsoron ma. Kada a tara mana shi mu kaɗai."

Da aka ce masu son a roƙi gwamnati ta ɗauke kamfanin su ɗaga hannu, ta ɗaga. Ludwik bai ɗaga ba. Yaryna na tsaye a baya, ba ta da ƙuri'a, tana kallo. Masu ɗagawa suka yi rinjaye kaɗan.

A hanyar gida Danuta da Yaryna suka jera, Ludwik ya yi gaba.

"Kin ji haushina," in ji Danuta.

"Da ni ce ke, wataƙila da na ɗaga. Amma ba zan ce miki na ji daɗi ba." Suka ɗan yi tafiya. "Ko in nemi wani ɗaki?"

"Kada ki soma. Wa zai ci miyar kabejin nan in kin tafi, ni?"

Amsar gwamnati ba ta daɗe ba. Kamfani yana nan, za a ƙaro bindigogin kakkaɓo jirage, za a gina mafaka a kasuwa. Danuta ta haɗa wa Jagoda kaya ta kai ta wurin ƙanwarta a Poznan, can yamma, ta dawo ita kaɗai. A makon ne aka gama igwa biyun su Ostap. Tirelolin suka bi ta gaban kantin da rana tsaka, kwalaben magani na karkarwa a kan tebur. Yaryna ta fito bakin titi ta kira Ostap, bai ɗauka ba, ta sake kira. Danuta ta tsaya bayan gilashi tana kallon ta, sai wata mata ta shigo neman maganin barci, ta juya ta ɗauko mata.