Wayar Farko

Sifika ɗari biyu da goma sha ɗaya suka fita daga shagon Oga da wayar Kunnuwa a cikin ƙwaƙwalwarsu, ba a goge ta ba. Ɓarnar ke nan gaba ɗayanta. Duk abin da ya biyo baya daga nan ya tsiro.

Shagon ɗaki biyu ne da baranda. Oga yana sayo allon ciki da batir da kwanon sifika kwali-kwali, ma'aikata su harhaɗa su a akwatin roba, a manna tambari, a sayar wa masu aski da masu wankin mota da duk mai son hayaniya a bakin shagonsa. Irin sifikar nan ce mara igiya, da ake haɗawa da waya ta bulutut. Teburin ƙarshe, na bakin ƙofa, shi ne na Kunnuwa. Shekara goma sha tara yana wurin, tun shagon yana gyaran rediyo. Sunan ya bi shi ne saboda in kwanon sifika ya tsage ko da kamar silin gashi ne, daga baranda zai ji, ya ce a mayar.

Aikinsa bai canzawa. Ya haɗa sifika da waya, ya saka kiɗa, ya saurara, ya jefa wayar a aljihu ya taka har bakin titi ya dawo, ya ji ko sautin zai katse. Daga nan ya danne maɓalli biyu har fitila ta ƙifta ja sau uku. Alamar ke nan sifikar ta manta da wayar, ta zama sabuwa. Sai kwali. Wayar gwaji ta shago ta fashe tun bara waccan, Oga kullum sai ya ce za a saya, shi ya sa Kunnuwa yake yi da tasa.

Manhajar da ke tafiyar da sifikar tana zaune ne a wani ɗan guntu da bai kai farce ba, kuma Injiniya ne yake rubuta ta. Ɗan yayar Oga ne, ya yi karatu, shi kaɗai ke da fanka a ɗakin baya. Masu saye sun dame su da ƙorafi iri biyu. Na farko, kiɗa yana katsewa da zarar mutum ya juya baya. Na biyu, wayar maƙwabci tana ƙwace sifikar mutum yana tsakiyar saurare. Injiniya ya yi wata biyu a kai, kuma a faɗi gaskiya, ya iya aikinsa. Ya sa sifikar tana ɗan tara sauti a cikinta kafin ta saki, don ko hanya ta tsinke na ɗan lokaci ba za a ji ba. Ya kuma sa ta riƙe wayar farko da ta sani a matsayin ubangidanta: ko da wa take tare, ta ji ƙamshin wayar farko sai ta sake shi ta koma. Don kada mai ita ya goge kansa bisa kuskure, sai ya hana maɓallan nan biyu taɓa wayar farko. Fitilar kuwa ya bar ta tana ƙifta ja sau uku yadda ta saba. Bai taso daga gaban fanka ya gaya wa mutumin da ke bakin ƙofa ba.

A watannin nan hankalin Kunnuwa ba a shago yake ba. Matarsa, wadda duk layinsu ke kira Tela saboda keken ɗinkinta da ke bakin zaure, ta ji ƙullutu a mamanta na hagu. Shi kaɗai ta gaya wa, ko 'ya'yansu mata biyu da ke gidajen mazajensu ba su sani ba.

"Baban yara, ka ji ni da kyau," ta ce da shi ranar. "Shekara ashirin ina auna matan layin nan, na san bakinsu kamar yadda na san faɗin ƙugunsu. Ka tuna matar mai chemis? Zuwa suke yi dubiya, idonsu a ƙirjinta. Tana da rai suka fara rabon kayanta da baki. Ni ba za a yi mini haka ba. In na warke, na warke. In na tafi, in tafi da mutuncina."

"Wa zan gaya wa? Ni da ko gaisuwa sai an ja ni?"

"Rantse dai."

Ya rantse. Ba ta iya rubutu ba, shi ma nasa sai a hankali, don haka duk ranar asibiti saƙon murya take turo masa. Ya kara wayar a kunne, ya ji shi kaɗai. Bai taɓa goge ko ɗaya ba, har da tsofaffin, na "ka biyo da zare baƙi" da na faɗan ya bar takalmi a ƙofar ɗaki.

Mai Aski ne ya fara lura. Shagonsa yana bakin layinsu Kunnuwa, ya sayi sabuwar sifikar ya rataye ta a ƙusa a waje, yana ƙure ta tun safe.

"Kai Kunnuwa, tsaya nan!" ya ce, almakashi a hannu. "Me kake ɗauke da shi a jikinka ne? Kwana uku ke nan, da ka sako kai layin nan sai kiɗana ya mutu. Ka wuce, ya dawo."

"Kiɗan ne ya ga babba ya yi ladabi. Kai ne ba ka da shi."

"Babba a ina? Ko kayan shagonku tsoron fuskarka suke ji. Allah ya isa kuɗina!"

Masu jiran aski suka yi dariya. Kunnuwa ya zaro wayarsa don ya nuna ba ruwansa, sai ya ga sunan sifikar shagonsu a samanta, a haɗe. Ya kashe bulutut, kiɗan Mai Aski ya dawo. Ya kunna, ya mutu. Dariya ta ƙaru, amma shi bai yi ba.

Da safe ya wuce teburinsa kai tsaye zuwa ɗakin baya.

"Injiniya, sifikar da na goge da hannuna tana bin wayata a titi. Me ka taɓa?"

Injiniya ya saurara, ya dafe goshi, sai kuma fuskarsa ta washe. "Daga ina ta kama ka, Baba? Daga bakin layin? Kai! Ya fi taku arba'in fa. Ban zaci za ta kai haka ba."

"Ba yabo na zo ji ba. Gogewar ba ta gogewa."

"Na gane, ƙaramin abu ne, layi huɗu ne zan gyara. Amma don Allah kada ka kashe bulutut ɗinka tukuna. Ka bar shi zuwa Alhamis, ka riƙa lura da inda take kama ka da inda take sakinka. Irin wannan gwajin ba a samunsa a ɗaki."

"Ni ba akuyar gwaji ba ce."

Oga ya leƙo daga ƙofa da kofi a hannu. "Kunnuwa, kai komai sai ka yi musu? Yaron nan ya ce kwana uku. Kiɗan wanzami ne zai mutu, ba mutum ba."

Kunnuwa ya bar bulutut ɗin a kunne. Tunaninsa duk a kan kiɗan mutane yake, yadda yake katse musu. Bai kawo a ransa cewa hanyar da ta ƙwace sifikar ita ce za ta kai mata duk abin da ya fito daga wayarsa ba.

Ranar Laraba Tela ta je karɓar sakamako. Da la'asar Kunnuwa ya taso daga aiki, ya shigo bakin layi, wayar ta yi motsi a aljihu. Layin cike yake: mata a bakin famfo da bokitai, masu jira a bencin Mai Aski, mai chemis a ƙofarsa. Ya ji kiɗan ya mutu, Mai Aski ya ɗaga murya, "Ga shi nan, maganin kiɗa ya iso!" Bai kula ba. Ya ga saƙonta ne, ya koma jikin bango, ya danna, ya kara a kunne.

Shiru. Ya zaci muryar ce ta yi ƙasa, ya danna maɓallin ƙara sauti har ƙarshe.

"Baban yara, na fito," in ji sifikar da ke rataye a ƙusa.

Sautin ya fita tas, babu katsewa ko ɗaya, har numfashinta ana ji. Aikin Injiniya ya yi kyau.

"Likita ya ce ciwon dajin ne. Ya ce sai an cire na hagun gaba ɗaya, wai ya fara taɓa hammata."

Ya sauke wayar daga kunne, fuskar wayar ta yi baƙi. Ya danna, ta nemi lambobin buɗewa. Yatsan da ya shekara goma sha tara yana kama ƙananan sukurori ya kasa samun lamba huɗu. Ya yi kuskure, ya sake.

"Na yi kuka a bayan gida na wanke fuskata, ba wanda ya gani. Kada ka shigo da fuskar tausayi, ka ji? Ka shigo yadda ka saba, kana faɗa. Kuma ka tuna ka rantse mini."

Mai Aski ne ya yi tsalle ya fizge sifikar daga ƙusa ya kashe ta. Saƙon ya riga ya ƙare. Famfo yana zuba a bokitin da ya cika, ba wadda ta janye. Babu wanda bai san muryar Tela ba a layin nan.

Kunnuwa ya iske ta a ɗaki ta cire mayafi ke nan. Bai ɓoye ba, ya faɗa mata tsaye, yadda abin ya faru. 

"Su wa ke bakin famfo?"

Ya lissafa mata. A suna na uku ta ɗaga hannu.

"Ya isa. Ba ni wayar."

"Ba ni na yi ba, Tela. Yaron nan ne ya canza..."

"Ka san tana bin wayarka?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Litinin."

"To." Ta miƙo masa wayar. "Goge. Duk wata murya tawa da ke ciki, ina kallo."

Ya ce na yau dai. Ta ce duka. Ya zauna a bakin gado yana gogewa ɗaya bayan ɗaya, na asibiti, na zare baƙi, na takalmi, har da wanda take dariya ranar da aka haifi jikansu na fari. Kafin ya gama an yi sallama a zaure. Mata biyu ne, wai sun zo duba ɗinkinsu.

Washegari ya shiga ɗakin baya bai yi sallama ba. Injiniya ya riga ya ji, ya miƙe tsaye.

"Baba, wallahi ban san haka za ta faru ba. Ka yi haƙuri. Ga shi na gyara, tun safe. Yanzu in ka danne maɓallan tana goge kowa."

"Minti nawa ya ɗauke ka?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Kamar sha biyar."

"Ranar Litinin ba ka da minti sha biyar?"

Oga ya shiga tsakani. "Kunnuwa, ƙaddara ce, a bar tone-tone. Kuma tsakani da Allah, wa ya ce ka riƙa jin saƙon iyali a titi? Allah ya ba ta lafiya. Ga wannan." Ya ajiye kwali a tebur. Sabuwar wayar gwaji ce.

Kunnuwa ya so ya kifar da teburin, da kwamfutar, da fankar. Ya tuna akwai asibiti a gaba, kuma mai shekara hamsin da uku ba ya samun wani teburin. Ya ɗauki kwalin ya koma bakin ƙofa.

A sati biyu gidan ya zama kasuwa. Masu dubiya suna shigowa da fuskar tausayi, idonsu yana sauka inda ta ce zai sauka. Wata ta kawo sunan mai magani, wata ta ba da labarin ƙanwarta da aka yi wa irin wannan tiyatar ba ta kai wata shida ba. Masu kawo ɗinki suka riƙa karɓe yadinsu, wai kada su wahalar da ita. 'Ya'yanta a bakin mutane suka ji, suka zo suna kuka suna tambayar me ya sa aka ɓoye musu. Tela ta sa aka shigar da keken ɗaki, ta rufe shi da zani. Ranar da aka sa mata ta aikin ba ta je ba, ta ce ba za ta fito layin nan da ƙirji ɗaya ana lissafa mata kwana ba. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, abin da bai iya ba. Daga baya ta tattara ta koma wurin yayanta a wani gari, inda ba wanda ya san ta. Kafin a sake samun layi a asibitin can, wata huɗu sun wuce.

Ba ta yi gaba da shi ba. In ya je tana gaishe shi, ta tambayi aiki, ta ce ya rame. Amma waya, ko ya kira sai dai yayanta ya ɗauka ya ce tana jinka, faɗi. Ba ta ƙara sa bakinta a jikin waya ba.

Sifikar ta karɓu. An buga a jikin kwali cewa tana kamawa daga taku arba'in, ba ta katsewa, ba ta manta mai ita. Oga ya ƙara ma'aikata uku, Injiniya ya samu na'urar sanyaya ɗaki. Mai Aski bai ƙara rataye tasa a waje ba, kuma bai ƙara tsokanar Kunnuwa ba, sai dai ya ce "sannu da dawowa" ya kawar da kai.

Tela ta rasu wata bakwai bayan Larabar nan. Bayan an share makoki ƙaramar 'yarsu ta zauna kusa da shi ta ce, "Baba, turo mini muryar Mama ko guda ɗaya ce, in riƙa ji. Nawa sun tafi da tsohuwar wayata."

Ya ba ta wayar. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta ɗago ta kalle shi.

"Babu," ya ce. "Ko ɗaya."