Ɗigon Baƙin Fenti

"Ka gan ta ko? To haka take yi mini tun fitowar rana har faɗuwarta," in ji Sannu-Sannu, yana nuna gilashin motar da makulli.

Mai Rediyo ya zura kai ta tagar tasin. Wata 'yar baƙar kyamara ce, ba ta fi akwatin ashana girma ba, kamfanin tasi ya manna ta a ƙasan madubi. Idonta na kallon titi, amma ta bayanta, daidai saitin idon direba, an dasa wata shuɗiyar fitila kamar kan allura, tana ƙyaftawa ba hutu. Da tsakar rana da sauƙi. In rana ta yi sanyi sai haskenta ya faɗa kan gilashi ya zama biyu, in kuwa ana ruwa ya zama goma.

Katanga ɗaya ce ta raba gidan Sannu-Sannu da shagon Mai Rediyo, kuma sun fi shekara ashirin a haka. 'Yan tasha ne suka laƙaba wa direban wannan suna, wai har mai keke yakan wuce shi ya ɗaga masa hannu. Shi kuwa bai damu ba. Shekara talatin da ɗaya yana tuƙi, ko kaza bai taɓa takewa ba, kuma duk wanda ya zauna da shi minti biyar sai ya ji wannan magana.

Ran nan dai ƙorafi ya zo da shi. Ya ce wanda ya ƙera abin nan bai taɓa zama bayan sitiyari ba, da ya zauna da ya sa fitilar a gefe ko a ƙasa. Ya ce ya shafa jikinta kaf bai sami inda ake kashe ta ba. Takardar bayanin da aka haɗo da ita kuwa rubutunta kamar sawun kiyashi, ya jefa ta kan teburin Mai Rediyo ya ce ya ajiye ya riƙa kunna wuta. Ya ce ya liƙa wa fitilar salatif, zafi ya narkar da shi. Ya rataya hula, manaja ya gani ya ce duk wanda ya ƙara rufe kyamara ya ajiye makulli. Sai ya rage murya ya faɗi abin da bai faɗa wa kamfani ba: yana ta fara rufe masa idon hagu, kuma in shuɗin nan ya buge shi sai titi ya ɗauke masa na ɗan lokaci.

"Injiniya, ka tsinke mata waya kawai mu huta."

Mai Rediyo ya ƙi. Ya ce in aka tsinke waya sai duk abin ya mutu. Shi mutum ne mai tausayin ƙananan fitilu. Yana da wani gwangwani cike da su, waɗanda ya ciro daga matattun rediyoyi, kuma ya daɗe yana mamakin yadda kayan zamani duka suka yi ido, daga caja har tukunyar dafa ruwa, kamar suna tsoron a manta da su a ɗaki. Ya koma shago ya ɗauko tsinken ashana, ya tsoma a baƙin fenti, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan fitilar. Bai cire komai ba, bai taɓa idon gaba ba, kuma baƙi a kan baƙi ko manaja ya sa tabarau ba zai gani ba.

Sannu-Sannu ya zauna a kujerarsa ya juya kai hagu da dama, ya yi dariya har yana dukan sitiyari. Ya ce ashe makarantar da Injiniya ya gudu daga aji huɗu ita ta yi asara.

Sati biyar bayan nan, da hantsi, a kwanar da ke gaban kasuwar katako, tasin ta yi karo da tirela.

Fasinja ɗaya ce a ciki, wata malamar makaranta mai 'ya'ya uku, kuma nan take ta cika. Direban tirelar ya fito ko ƙwarzane babu, ya gaya wa duk wanda ya tsaya cewa tsohon ne ya bar hannunsa ya shigo nasa, da alama barci ya kwashe shi. Kafin la'asar maganar ta zagaye tasha, ta dawo unguwa da ƙari. Wani ya ce ai dama ba ya gani. Mijin malamar ya zo asibiti, ya tsaya a baranda gaban mutane ya ce makaho ya kashe masa mata, sannan ya juya ya tafi.

Mai Rediyo ya sami maƙwabcinsa a gadon ƙarshe kusa da taga, ƙirji a naɗe, roba a hanci. Matarsa, wadda kowa ke kira Maman 'Yan Biyu, tana zaune a ƙasa da ledar kayan da aka tsinto daga motar: takalmi wari ɗaya, hula, da kyamarar da ta ɓalle daga gilashi. Ta ce manaja ya aiko a kai masa ita, maigidan ya girgiza kai ya ce sai Injiniya.

Sannu-Sannu ya kamo hannun rigarsa. Sai da Mai Rediyo ya sunkuya sosai ya ji.

"Ban shiga hannunsa ba. Shi ya shigo nawa. Ka duba, yana ciki."

A shago Mai Rediyo ya ture rediyoyin mutane gefe, ya zaro ɗan katin da ke ajiye hotunan, ya sa a tsohuwar kwamfutarsa. Ga ranaku nan a jere, titi bayan titi. Ya gangara ƙasa don ya kai ga ranar hatsarin, sai jerin ya ƙare. Na ƙarshe ya yi wata guda cif. Ya cire katin ya hura masa iska ya mayar. Ya goge shi da bakin riga ya mayar. Babu.

Ya daɗe yana kallon kyamarar a tafin hannunsa kafin ya mayar mata da katin ya jona ta da batir. Sannan ya ɗauki reza ya kankare ɗigon fentin a hankali. Fitilar na nan da ranta, amma ba shuɗiya ba ce. Ja ce, tana ƙyaftawa da sauri da sauri.

Takardar bayanin na ƙarƙashin gwangwanin dalma inda ya tura ta tun ran nan. Ya ɗora mata gilashin da yake duba ƙananan wayoyi da shi, ya bi layi layi da yatsa, yana haɗa baƙaƙen da baki. Shuɗi, tana ɗauka. Ja, kati ya lalace, a canza. Ba ƙara, ba wata alama, wannan 'yar fitilar kaɗai aka ba ta ta yi magana da ita. Wata guda ke nan tana kira a ƙarƙashin fentinsa.

Wata mata ta zo karɓar rediyonta, ta yi sallama sau uku, ta ga ba zai ɗago ba ta tafi.

Da lokacin ziyara ya yi ya koma asibiti, don rashin zuwan ma amsa ce. Tun daga bakin ƙofa ya ga idon Sannu-Sannu a kansa. Fuskar ta faɗa, leɓen ya bushe. Mai Rediyo ya shirya maganar a hanya, ya san ta inda zai fara, amma da ya zauna a bakin gadon sai wata ta fito.

"Na gani. Shi ya shigo hannunka."

"Birki fa? Na taka?"

"Ka taka."

Sannu-Sannu ya lumshe ido. Can ya ce a nuna wa mijin matar nan, kada 'ya'yanta su tashi suna tsine masa. Mai Rediyo ya ce za a nuna. Maman 'Yan Biyu ta rufe fuska da mayafi tana godiya ga Allah, shi kuwa ya kafa ido a kan robar ruwan da ke ɗiga.

Washegari da safe, ana canza zanen gadon da ke kusa da shi, Sannu-Sannu ya cika. Nas ɗin ma sai da ta juyo ta lura. Daga tasha mutum huɗu ne suka zo rakiyar gawa, kamfani bai aiko kowa ba.

Kwana huɗu Mai Rediyo yana buɗe shago rabi. A na biyar Maman 'Yan Biyu ta shigo, abin da ba ta taɓa yi ba duk zamansu. Ta tsaya tsakanin tulin rediyoyi, ta ce ta samo kwatancen gidan malamar. Ta ce ya sa mata hoton a waya, ita da ƙafarta za ta kai, in sun so su kore ta bayan sun kalla.

Ya jawo mata benci. Ya gaya mata duka, tun daga tsinken ashana har zuwa reza, idonsa a kan teburi. Ya nuna mata takardar, ya nuna mata gurbin fentin. Ba ta katse shi ba.

"Shi ka gaya masa haka?"

"A'a. Na ce masa na gani."

Ta gyaɗa kai. Wata babbar mota ta wuce ta girgiza kwanon rufin.

"To kai a ganinka, Malam, wa ya shiga hannun wani?"

"Ban sani ba."

"Ni ma ban sani ba," ta ce. "Ranar hatsarin da safe sai da ya zuba shayi a gefen kofi."

Ya jira ta zage shi, ko ta ce za ta kai shi wurin hukuma, da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba. Takardar kwatancen da ke hannunta ta ninke ta biyu, ta ƙara ninkewa, ta ajiye a gefen bencin. Sannan ta tambaya ko mene ne na ƙarshe da abin ya ɗauka.

Ya juyo mata da kwamfutar. Minti uku ne kacal. Motar na tsaye a ƙofar gidansu da safe, inji na ɗumi, ba a ganin direban, sai numfashinsa da ƙarar yatsunsa a kan sitiyari. Ga ita nan ta gifta ta gaban motar da bokiti. Muryarsa ta ce, Maman 'Yan Biyu, na manta tabarau a kan taga. Ta ajiye bokitin a bakin hanya ta shiga gida. Hoton ya tsaya a nan, kafin ta fito.

Ta ce ya maimaita. Ya maimaita. Da ya ƙare a karo na uku bai ƙara taɓa komai ba. Suka zauna suna kallon ƙofar gidan a hoton, a buɗe rabi, da bokitin a bakin hanya.