Batir a Aljihun Yaya

Yayana direban tasi ne, ni kuma gyaran wayoyi nake yi, kuma ni ce auta a gidanmu. Shi ya riƙa kai ni makaranta a kan kekensa, saboda haka har yau kallon yarinya mai majina yake yi mini, ko da kuwa ina zaune a shagona da gilashi a ido da ƙarfen dalma a hannu.

Tun ina firamare yake shan taba. Sai da tari ya fara katse masa hira da fasinja, likita ya zare masa ido, sannan ya yarda ya koma sigarin lantarki. Ni na zaɓo masa: 'yar siririya kamar biro, batirinta a rufe a ciki, sai dai a zuba mata ruwanta a yi caji. Ba cewa nake lafiya ce ba, burina wata rana ita ma ya yar da ita. Amma a cikinta akwai ɗan ƙaramin allo da mu masu gyara muke kira ƙwaƙwalwa. Ita ke auna wutar da za ta shiga kwayil, wato naɗaɗɗen zaren ƙarfen da ke dafa ruwan, in ka daɗe kana danna maɓalli ta yanke, in wani abu ya haɗu ba daidai ba ta ƙi tashi. Wato dai tana da hankalin da mai ita bai cika amfani da shi ba.

Lafiya lau ake tafiya har wani abokinsa a tasha ya shigo da sabon yayi. Salansa suke kiransa, don in ya busa, sai ka rantse tsohuwar tirela ce ke hawan tudu. Tasa ba irin ta kanti ba ce. Bututun ƙarfe ne zalla, ba ƙwaƙwalwa ba komai, ka jefa batir a ciki, ka danna, wuta ta tafi kwayil kai tsaye. Kwayil ɗin ma da hannu yake naɗa shi, ya cusa auduga. Direbobi suka mayar da abin gasa, kowa na son tururinsa ya fi na wani. Yayana, mutum mai 'ya'ya har da wadda ta kusa gama sakandare, wai shi kunya yake ji don tasa ba ta rufe masa fuska.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, shago cike. Wata malamar asibiti na jiran in canza mata gilashin waya, wani tsoho kuma na ta yi mini bayanin yadda tasa ta faɗa bokiti ba da laifinsa ba. Sai ga Yaya, Salansa na biye da shi, ya ajiye mini bututun ƙarfe a kan tebur kamar wanda ya kawo kyauta.

"Auta, na yi sabuwa. Naɗa mini kwayil mai zafi, wanda zai fi na wannan mutumin."

"Sannu da zuwa, Yaya. Ina wadda na ba ka?"

"Waccan ta yara? Tana cikin mota. Kina ja tana yankewa, kamar mai rowa."

"Ai don ta yanke aka yi ta."

Salansa ya yi dariya. "Ƙanwarmu, waccan ai keke ce, wannan kuwa jirgi."

"Jirgi ba birki," na ce masa, ban ko ɗaga kai na dube shi ba. Na juya bututun, na kwance gindinsa, na ga ba komai a ciki. "Ina batirin?"

Yaya ya cusa hannu a aljihun wando ya kwaso abin da ke ciki gaba ɗaya ya zube a gabana, yadda direbobi suke yi: makullan mota, makullin gida, wani noti, da batirin a tsakiyarsu. Ledar da aka lulluɓe batirin da ita ta yage daga wuya, ƙarfen ya fito tsirara, makullai sun goge shi har ya yi ƙyalli. Irin wannan batir duk jikinsa hanyar wuta ce, ledar nan kaɗai ke raba shi da masifa. Makulli ɗaya ya kwanta daga kansa zuwa gefen da ya yage, shi ke nan, zai yi zafi ya fashe ya yi feshin wuta. A aljihu. A cinyar mutumin da ke tuƙi da fasinja a baya. In kuma ya tsira daga aljihu, cikin bututun ƙarfe zai shiga, a kai shi bakin Yayana.

Na sa ɗan yatsa na taɓa shi, da ɗumi. Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗauke shi da filaya, na taka zuwa bayan ƙofa inda nake ajiye bokitin yashi saboda batiran waya da suka kumbura, na binne shi a ciki. Bututun kuma na jefa a durowa na murɗa makulli.

"Ke! Me kike yi haka?"

"Abin da ka gani."

"Ba ni kayana."

"Ba zan bayar ba, Yaya."

Tsohon nan ya manta da wayarsa da bokitinsa. Tunda nake ban taɓa ce wa Yaya a'a a gaban mutane ba, kuma na ga yadda abin ya buge shi, har jijiyar wuyansa ta tashi. Ni ma ina jin tsoro, amma raina ya riga ya ɓaci, kuma ɓacin ran ya fi tsoron yawa.

"Ni kike wa rashin kunya? Ni da na yi miki wanka?"

"Ka yi mini wanka, na gode. Ni kuma ba zan wanke maka ƙuna ba."

Salansa ya sa baki. "Haba ƙanwarmu, ni fa na daɗe ina amfani da..."

"Malam, ban kira ka ba. Fuskarka taka ce, ka yi yadda ka ga dama da ita. Wannan ta gidanmu ce."

Malamar asibitin ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Yaya ya kwashe makullansa, ya fita. Na ɗauka mota zai shiga. Sai na ga ya tsallaka titi zuwa wurin mai tireda, ya sayi karan taba, ya karɓi ashana, ya dawo ya tsaya daidai ƙofar shagona inda ba yadda za a yi in kasa ganinsa. Ya kunna. Ya san inda zai soke ni, kuma ya same ni, don sai da idona ya ciko.

Na ajiye filaya na fito na tsaya a gabansa. Ya ja, tari ya sarƙe shi har ya dafa bango, ya ɗago da jajayen idanu ya sake ja don in gani.

"Kin ga abin da kika jawo," ya ce. "Buɗe durowar nan, in taka wannan yanzu."

"Ba zan buɗe ba."

"Auta."

"Ka sha, Yaya. Wallahi zafi nake ji kamar ni ake ƙonawa, amma ka sha. Wannan a hankali take cin mutum, zan samu lokacin bin ka gida da tasha ina yi maka masifa har ka gaji ka bari. Wancan da ke cikin yashi ba zai ba ni lokaci ba."

Ya tsaya yana kallona, tabar na ci a tsakanin yatsunsa. Ni ma ban kau da ido ba, kuma ban matsa daga ƙofar ba.